Takardar da Na Ɓoye a Aljihun Keke

Briqueterie, Yawunde
Talata, bayan azahar

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki lafiya, ko kina cikin jirgi tukuna, ko kin riga kin sauka Faransa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da sharrin hanya da na masauki. Gwaggonki Talatu tana gaishe ki. Yanzu haka da nake rubutun nan a shago, tana can gida tana ɗura miki yaji da kuka da daddawa a akwati, sai ka ce ƙasar da za ki ba a ɗora tukunya.

Za ki yi mamakin samun takarda daga hannuna a aljihun farar rigar aikin da na ɗinka miki, na kuma rufe bakin aljihun da zare. Kin san halina. Sunan mahaifiyata kika ci, ga ki kuma 'yar fari, shi ya sa shekara ashirin da bakwai bakina bai taɓa kama sunanki ba, ban kuma taɓa zaunar da ke na yi miki doguwar magana ba. Abin da ke cikina yau ya fi ƙarfin bakina. Na gwada sau uku a makon nan, duk sanda na buɗe baki sai in ji ina tambayarki ko kin sayi takalmin sanyi.

Ranar Alhamis da ta wuce na dawo gida da rana ɗaukar babban almakashina. Ina zaure ina cire takalmi na jiyo muryarki a ɗakin Gwaggonki. Tana tambayarki me ya sa sai wannan karatu na duba jijiyoyin jini, alhali ga ki da aikinki na ɗaukar hoto a asibiti, hankali kwance. Kika ce mata, "Gwaggo, ni na kashe Mama da hannuna. Bari in je in koyi abin da zai hana a kashe uwar wani." Na mayar da takalmina, na koma shago ba almakashi. Ban taka keken ɗinki ba ranar.

Uwata, ba ke ba ce. Ni ne. Akwai wata ƙaramar takarda a ninke a cikin wannan, ta yi ja don tsufa, ita ce shaidata. Ina roƙonki kada ki buɗe ta sai kin gama karanta tawa. Ba na so ki tsallaka teku da kayan da ba naki ba a ka, ko da sauke miki shi zai sa ki daina kallona da idon da kike kallona yanzu.

Sai dai bari in faro daga nesa, don halin da ya kai ni nan ba a ranar ya tsiro ba. Ina ɗan shekara goma sha biyar mahaifina ya kai ni koyon ɗinki wurin Malam Hamadu, mutumin Garwa, a shagonsa na kan hanyar Messa. Wata rana ya shimfiɗa shadda ya nuna mini yadda ake fitar da wuyan babbar riga, sau ɗaya tak, da sauri. Ya ce, "Sule, ka gane?" Ban gane komai ba, amma akwai mutum biyu a kan benci suna kallona, sai na ce na gane. Ya tafi masallaci ya bar ni da shaddar wani ango. Da ya dawo, wuyan ya isa mutum biyu su zura kai. Bai dake ni ba, ni kuwa da dukan ya fi mini sauƙi. Ya yanke wuyan ya rataye a ƙusa daidai saman kekena, ya ce, "Da ka ce ba ka gane ba, da na sake nuna maka kafin ladan ya gama kiran salla." Shekara guda ƙyallen nan yana rataye a wurin.

Kin taɓa zama a shagon nan kina yi mini bayanin karatunki, kina zaton ba na ji don ina taka keke. Ina ji. Kin ce za a ba ki babba da zai tsaya a bayanki kina duba marasa lafiya, kowa kika duba sai kin rubuta a littafi ya sa hannu. Kin ce jijiyoyin da ke can cikin sha-raɓa sukan ɓuya, musamman a ƙafar mai jiki ko wadda ta kumbura. To ranar da ya tambaye ki ko kin gani, alhali ba ki gani ba, ki ce ba ki gani ba. Ko ɗakin cike yake da ɗalibai, ko duk sun riga ki gyaɗa kai. Na san jinina a jikinki. Tun kina ƙarama kin gwammace ki tashi da yunwa da ki ce a ƙara miki tuwo. Ni shadda na ɓata, aka kawo wata. Ke ƙafar mutum za a ɗora a gabanki, kada ki rubuta lafiya a kan abin da idonki bai tabbatar ba.

Da na buɗe nawa shagon a unguwar nan, sai na kafa wa kaina wata doka da na daɗe ina taƙama da ita: ba na auna mace. Ta kawo tsohuwar rigarta da ta zauna mata, in shimfiɗa a tebur in ɗauki awo a kanta. Mazan unguwa suka so ni don haka, suna ta turo matansu, ana cewa Sule tela ba ya ɗora tef a jikin matar mutum. In na ji, kaina yakan kumbura. Rigunan kan fito wani lokaci da matsi a hammata, wani lokaci da yalwa a ƙugu, matan su yi shiru su saka abinsu. Mahaifiyarki Rakiya kaɗai ce take yi mini dariya. Takan ce, "Malam, ita rigar bara ina ta san mai ita ta haihu?" In tsuke baki in ce ta je ta duba miyarta. A raina na ɗauka kowane aiki a duniya ana iya yin sa haka, daga nesa, ba sai an taɓa kowa ba. Wannan tunanin ne ya bi ni har ƙofar ɗakin eko, inda ake duba cikin jiki da na'ura.

Kina da shekara goma sha shida kakarki ta wajen uwa ta rasu a Garwa. Mamanki ta je ta yi mako biyu, ta dawo a mota zuwa Ngaundere, daga nan jirgin ƙasa, a zaune tun daga farko har ƙarshe, ƙafa a lanƙwashe saboda kayan da aka cusa ƙarƙashin kujera. Kwana biyu da dawowarta ta fara ɗingishi, ta ce gajiyar hanya ce. Rana ta uku na ga ƙafar hagu tana sheƙi. Na ɗauko tef na auna sha-raɓarta, ita kaɗai ce macen da na taɓa aunawa a rayuwata. Dama talatin da huɗu, hagu talatin da takwas. In ka ɗora hannu kuwa, zafi kamar ta kwana kusa da murhu.

Ranar Litinin, kina makaranta, na sa ta a taksi muka je wurin likita. Abin da kika sani shi ne an ba ta maganin ciwo an ce ta huta, don abin da na faɗa muku ke nan. Ba haka aka yi ba. Likitan yana taɓa ƙafar fuskarsa ta canza. Ya kira wata nas 'yar arewa ta maimaita mini da Fulatanci, don kada Faransancina ya gaza. Ya ce yana tsoron jini ne ya daskare a jijiya, kuma gudan yana iya ɓallewa ya bi jini ya je ya toshe huhu. Ya rubuta takarda ya ce mu je yanzu-yanzu a yi mata eko na jijiyoyin ƙafa, mu dawo masa da sakamakon a ranar. Mamanki ta riga ta fita baranda, sai ya sake kirana ni kaɗai, ya ɗaga yatsa, nas ɗin ta ce, "Ya ce ko kusa kada a murza ƙafar nan. Ban da tausa." Na ce na ji. Wannan karon kuwa na ji, na gane sarai, ba ni da inda zan fake.

Muka tafi wurin ekon, can wajen Elig-Edzoa, ana yayyafi. Mai aikin saurayi ne ɗan kudu, dogo, mai sanyin murya, ba zai wuce shekarunki na yanzu ba. Ya ce Madam za ta kwance zani ta kwanta. Zai fara daga gindin cinya ya gangaro har idon sawu, yana danna jijiya da kan na'urar yana kallon allo. In ta matse ta rufe, lafiya. In ta ƙi rufewa, akwai abu a ciki. Ni tun daga gindin cinya kunnena ya toshe.

Na ce masa, "Babu mace?"

Ya ce matar da take yi ta tafi ƙaro karatu, sai wata mai zuwa za ta dawo, yanzu shi kaɗai ne.

Na ce, "To ka yi ta saman zani."

Bai yi mini dariya ba, Allah Ya saka masa da alheri. Ya ce na'urar ba ta gani sai an shafa wani mai a kan fata. Ya ce zai lulluɓe ta, ya buɗe wurin da yake dubawa kaɗai. Zai kira nas mace ta tsaya, ni ma in ina so in zauna a ciki. Babu abin da yaron nan bai ba ni ba.

Mamanki ta jawo hannun rigata, ta ce a hankali, "Malam, bari ya duba. Ai aikinsa ne. Ƙafar nan tana cina."

Na ce, "Tashi mu tafi."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta gyara mayafinta, ta dafa bango ta miƙe. Kuma kada ki ce tsoron Allah ne ya sa ni, don na san addini bai hana magani ba. A kan bencin jira akwai wani mai atamfa na layinmu da ya kawo tsohuwarsa, mun ma gaisa. Shi nake kallo. Na riga na jiyo majalisa tana cewa Sule da ba ya auna matan mutane ya kai tasa an kwance mata zani. Kin ga mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, amma har lokacin mutanen kan benci ne suke yanke masa shawara.

Saurayin ya biyo mu har bakin titi cikin ruwan, yana cewa, "Papa, s'il vous plaît, c'est urgent," wato yana roƙona, abin na gaggawa ne. Na ce masa gobe za mu dawo, na kuma san ƙarya nake yi. A taksi na ce wa mamanki zan nemo inda mace take yi, kada ta faɗa wa kowa don kada hankalinku ya tashi. Ta ce to. Na ninke takardar na tura ta aljihun keke, ƙarƙashin zare. Ranar Talata na tambayi wuri ɗaya, aka ce namiji ne. Ranar Laraba ɗinkin wani biki ya danne ni, na ce sai Alhamis.

A wannan Larabar, bayan la'asar, Gwaggonki ta zo daga Nkomkana, lokacin tana gidan mijinta, da kwalbar man zafi a jaka. Tana ganin ƙafar ta ce, "Haba Yaya, ka bar baiwar Allah da kumburi haka? Ai jini ne ya kwanta, tausa yake so." Ba ta san komai ba, mamanki ma ba ta ji gargaɗin likita ba. Ni kaɗai na ji. Ina tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi a hannu, kalma ɗaya ta isa. Amma in na ce likita ya hana, Talatu za ta ce wane likita, me ya gani, ina takardar, me ya sa ba a yi ba. Kin san bakinta. Can ƙasan raina kuma na ce wa kaina, uwata ta yi wa kumburi tausa har ta tsufa ba wanda ya mutu a hannunta, wannan likitan na jiya me ya sani. Da na ga Talatu tana naɗe hannun riga, na tuna nauyin hannunta, sai na ce, "Bari Uwata ta yi mata, hannunta ya fi laushi." Wallahi a lokacin na zaci sassauci na yi.

Kin shigo daga makaranta ko kayan makarantar ba ki cire ba. Kika durƙusa, kika ɗora ƙafar a cinyarki, kina murzawa kina cewa, "Mama, nan ne?" Ita kuma tana cewa, "Nan ne, Allah Ya yi miki albarka." Sauran kin sani. Ta tashi za ta yi alwalar magariba, ta kai bakin famfo, ta dafe ƙirji ta ce numfashinta. Kafin taksin da muka sa ta ya fita daga cunkoson layin masu soya, wato masu tsire, ta cika, kanta a kafaɗata, hannunta a naki.

Masu ta'aziyya suka ce kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, na yi imani da haka, ba mai wuce ranarsa. Amma ni ban karɓi maganar don imani ba, na karɓe ta ne don na sami abin lulluɓa. In wata rana kika yi kuskure a aikinki, kuma za ki yi, don ba a aikin hannu ba kuskure, kada ki riga kowa cewa haka Allah Ya ƙaddara. Ki je wurin na gaba da ke a ranar, ki ce ga abin da na yi, ga abin da ban yi ba. Bayan nan sai ki yi tawakkali.

Yanzu ga laifin da ya fi wancan, don wancan na kwana uku ne, wannan kuwa na shekaru. Kina shekara ta biyu a makarantar hoto kika dawo wata rana, ba ki wuce gida ba, kika tsaya a ƙofar shago da jaka a kafaɗa. Na gane an koya muku abin a ranar tun kafin ki yi magana.

Kika ce, "Baba, ƙafar Mama, ɗaya ce ta kumbura?"

Na ce, "Ɗaya ce."

"Da zafi in an taɓa?"

"Da zafi."

"Likita bai ce komai ba?"

Takardar tana aljihun keke, tsakaninta da gwiwata bai kai taƙi ɗaya ba. Na ce, "Ya ce ta huta." Kika buɗe tafin hannunki kika daɗe kina kallo, sannan kika ce sai anjima. Tun daga ranar ba ki ƙara matsa wa Gwaggonki gwiwa ba, ko ta yi ta mita. Tun daga ranar ba ki ƙara sa lalle ba, ko da salla, ko da bikin ƙawayenki. Ina gani. Kowace salla ina kallon hannunki fari fat a kan faranti in kina miƙo mini abinci, in ce wa raina bayan salla zan faɗa mata. Ranar da aka ba ku takardar gama makaranta na ce ɗinki ya yi mini yawa, ban je ba. Ba ɗinki ba ne. Ba na iya shiga cikin masu fararen riguna in ɗaga kai. Ke kuma kika ɗauka ban ɗauki aikinki a bakin komai ba, na bar ki da wannan ma.

Akwai wani likita da nake yi wa kaftani. Bara ya zo gwaji, sai na ba shi labarin kamar na wani abokina ne. Ya ce irin wannan gudan jinin yakan ɓalle ko ba a taɓa ƙafar ba, ko tashi daga gado ya isa, kuma babu wanda zai rantse cewa tausa ce ta tayar da shi. Ya ce abin da kan tsare mutum, da yardar Allah, shi ne a gani da wuri a fara magani. Ina durƙushe ina sa masa allura a kalmasa, ya dube ni ta madubi ya ce, "Malam Sule, ka ce wa abokin naka ya nemi gafarar Allah, sannan ya faɗa wa yarinyar." Na ce to. Shekara guda ke nan ina juya maganar, sai da na ji ki a ɗakin Gwaggonki.

Saboda haka ki saurare ni. In don ki hukunta kanki za ki wannan karatu, babu hukunci a kanki, kina iya juyowa daga filin jirgi, ƙofar gida a buɗe take. Amma ba na jin haka kaɗai ne. Na ga fuskarki ranar da kike gaya mini yadda jini ke fitowa ja da shuɗi a allo, da yadda na'urar ke sa a ji ƙarar wucewarsa, har kina kwaikwayon ƙarar da baki kina dariya. Rabon da in ga wannan dariyar tun mamanki na da rai. Ki je don wannan. Ki ci abinci a kan lokaci, ki yi barci, ki yi ƙawaye, in an ba ku hutu ki huta. Mai gajiya ba ya ganin layin alli, balle jijiya.

Duk wanda ya kwanta a gabanki, ki tuna yana jin kunya ko bai faɗa ba. Ki lulluɓe shi, ki gaya masa inda za ki taɓa kafin ki taɓa, amma kada kunyarsa ta sa ki tsallake wurin da ya kamata ki danna. Na san kuma maza ma za ki duba, tun daga gindin cinya. In kin dawo za a yi magana a unguwa, za a ce 'yar Sule tela tana taɓa cinyar maza. Ki bar mini wannan. Na ba majalisar nan matata, ba zan ba su 'yata ba. Ni zan zauna a cikinsu in amsa.

Wata rana kuma irina zai tsaya a ƙofar ɗakin aikinku. Za ki gane shi: ba ya kallon matarsa, bencin jira yake kallo, kuma zai ce gobe za su dawo. Ba mugu ba ne, yana son matarsa, wataƙila ma shi yake auna mata ƙafa da hannunsa. Kada ki yi masa magana a gaban mutane, a nan ne kunnensa yake toshewa. Ki ja shi gefe, ki yi masa Hausa ko Fulatanci, ki kira shi Baba. In ya ƙi ji, na ba ki izini ki ba shi labarina, da sunana da sana'ata da unguwata. Ki ce masa Sule tela ya ce gobe, ranar Alhamis ya yi jana'iza. Saurayin nan ya bi ni har titi cikin ruwa, ba ni da abin da zan ce masa sai addu'a, amma bai san inda ciwona yake ba. Ke kin sani, a gidansa kika tashi.

Nakan tuna matar nan da aka ce ta tafi ƙaro karatu. Ban san sunanta ba, ba ta kuma yi mini laifin komai ba. Ga shi yau ke ma kin bi hanyarta. In kin gama, in Allah Ya nufa, ki dawo ƙasar nan a sami mace a bayan na'urar. Ba don ina da gaskiya a ranar ba, ba ni da ita ko ƙwaya ɗaya. Sai don irina suna da yawa, matansu kuma ba su yi komai ba. Amma wannan roƙo ne, ba umarni ba. Na ba ki umarni sau ɗaya a kan ƙafa, ya ishe ni.

Gwaggonki ma zan faɗa mata in mun dawo daga raka ki. Ita ta kawo kwalbar man, na kuma lura tun shekarar ba ta ƙara sayen irinsa ba. Duk abin da bakinta ya ga dama ya yi mini, zan zauna in ji.

To yanzu buɗe takardar. Ga rubutun likita, ga sunan mamanki, ga kalmar da ya ja wa layi biyu a ƙasa. Ki dubi kwanan watan, kwana biyu ne kafin ranar. Ki juya bayanta, za ki ga talatin da huɗu da talatin da takwas da rubutuna. Shekara goma sha ɗaya tana ƙarƙashin zare. Na canza keke sau ɗaya, na ɗauke ta na sa a sabon. Ke kin fi ni sanin abin da ke rubuce a ciki, don haka ba sai na ƙara komai ba. Hannunki bai yi komai ba sai abin da ubanki ya ce ya yi, kuma maganar ƙarshe da uwarki ta yi a kansa albarka ce. Ina tsaye a wurin, na ji da kunnena.

Na ba Gwaggonki wani ƙulli ta sa miki a akwati, tana ta tambayata na mene ne. Lalle ne, irin na Garwa da mamanki take so. Yana kusa da ƙullin kuka, kuma kalarsu ɗaya, ki shinshina kafin ki kaɗa miya. In kin sami ranar hutu, ki kwaɓa ki sa.

Ban ce ki yafe mini ba, don ban san da wane baki zan roƙa ba. Ina dai roƙon Allah Ya jiƙan Rakiya, Ya haskaka kabarinta, Ya sa ta yafe mini ranar da za mu tsaya. Ke kuma Allah Ya buɗe miki ido a kan abin da za ki koya, Ya sa waraka a hannunki, Ya kare ki daga sanyi da kewa da mugun abokin zama, Ya kai ki lafiya Ya dawo da ke lafiya. Allah Ya yi miki albarka duniya da lahira.

In kin sauka, ki kira Gwaggonki ki ce mata kin isa, don ba za ta ci abinci ba sai ta ji. Ba dole ba ne ki neme ni, ko wata nawa ne zan jira, ba zan ce kin yi laifi ba. Wayata dai tana nan a kan keke, saman aljihun da takardar take a da. Na sa an ƙara mata ƙara, don kada ki kira ina ɗinki in kasa ji.

Wassalam.

Babanki,
Sule